In An Ji Shiru, Akwai Ruwa

Wata tara Wada ya yi yana gadin wata doguwar eriyar waya a bayan garin Sakkwato, kuma tun ranar da ya dawo Tungar Na'Allah bai ƙara amsa sunansa ba sai an haɗa da Injiniya. Aikinsa a can buɗe ƙyaure ne da rufewa, da korar awaki daga gindin janareta. Amma a bakinsa, duk maganar da ta tashi daga Isa zuwa Sabon Birni a watannin nan sai da ta bi ta ƙarƙashin hularsa.

Ya dawo ya tarar damina ta biyu a jere ta yi gardama. Geronsa ya tsaya iya gwiwa ya bushe, rijiyoyin garin duka ukun sun zama gidan ƙadangaru. Ruwa ya rage wuri biyu. Akwai rijiyar fadama a gabas, tafiyar awa biyu, wadda wata rana takan tara ruwa kafin gari ya waye, wata rana kuwa sai yashi. Akwai kuma famfon Gangara a yamma, shi ma awa biyu, ba ya ƙafewa, amma layinsa sai mai haƙuri. Ba a iya zuwa duka biyun a rana ɗaya. Kowace safiya mata su ɗaura jarkoki a kan jakuna su tsaya a mararraba suna ta shawara, wadda ta kuskure hanya gidanta ya kwana da tukunya a kife. Waya kuwa ba ta kamawa sai an hau tudu, nan ma sabis ɗin Nijar ne yake leƙowa ya koma.

Ana cikin haka aka ji za a haƙa wa garin rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, kuma ana neman wanda zai riƙe makullinta, a riƙa ba shi buhun hatsi duk wata. Wada ya leƙa rumbunsa, ya ga ba kome sai gizo-gizo. Ya shiga ɗaki ya ɗauko wata jaka.

Bayan la'asar ya sami Maigari da dattawa a gindin tsamiya, ya zazzage jakar a kan tabarma. Oba-oba ne guda uku, irin na masu gadi, ɗaya an ɗaure bayanta da roba.

"Ranka ya daɗe, wahalar mararraba ta ƙare," in ji shi. "Wanga abu shina ɗaukar magana ya ɗora ta bisa iska. Ɗaya za ta zamna wurin Halliru mai yasar rijiya, can fadama. Ɗaya a hannuna. Da asuba ya leƙa rijiya, ya hwaɗi, mata su san inda za su nuhwa."

Labbo, Bafulatanin da shanunsa suka fi kowa shan wuyar farin nan, yana jingine da sandarsa. Wada jinin maƙera ne, abokan wasan Fulani, don haka tsakaninsu ba a raga wa juna.

"Maƙeri, kakanka ya ƙera min wuƙa ta kasa yanka cuku. Kai kuma iska za ka ƙera?"

"Bahillace, wanga ilimi ya hi ƙarhin mai kwana da maraƙi."

Maigari ya juya na'urar a hannu. "Ta ukun hwa?"

Nan Wada ya gyara hula. Ya bayyana cewa muryar abin gajera ce, ba ta wuce tafiyar awa guda, saboda haka dole a sa ɗaya a tsakiyar hanya ta karɓa ta miƙa. Kowa ya san gida ɗaya ne a tsakiyar hanyar fadama, a kan tudu, gidan Malam Attahiru, mahaifin Zulaihatu matar Wada. Dattijo ne da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ba a kuma taɓa jin ya yafe wa wanda ya wuce shi ba gaisuwa ba.

"Kwana bakwai," in ji Maigari. "Ran na bakwai ni da kaina za ni bi saƙonka. In na iske yadda kac ce, makulli naka ne."

Wada ya ari babur ɗin Ibrahima mai shayi don raba kayan. Babur ne mai sharaɗi ɗaya: in ya mutu, sai mutum uku sun tura. Ya gargaɗi Halliru da surukinsa cewa batiran sun tsufa, sauraro ba ya cin su, amma magana minti biyar kawai suke ɗauka, daga nan sai an kai su caji Gangara.

Ran Litinin da sassafe rabin gari ya taru a mararraba. Wada ya hau kan turmi ya ɗaga oba-oba sama. Ta yi ƙara, sai ga muryar Malam Attahiru tar, yana magana da Halliru wanda su ba sa iya jin sa. Mata suka yi guɗa.

"Lahiya lau, Halliru. Ina gajiya? Madalla. Ina iyali? Ina mai jikin nan, ƙahwar ta sauka? Allah shi ƙara sauƙi. Ina labarin ƙanenka na Burkusuma?"

Wada ya dubi rana. Ya danna don ya katse, abin bai ba shi hanya ba, domin ba ya ɗaukar baki biyu lokaci guda. Sai da aka gaida Halliru har awakinsa, sannan dattijon ya juyo.

"Wada, an kwana lahiya?"

Gaban jama'a, suruki ne. Wada ya sauko daga kan turmi ya ɗan rusuna wa na'urar. "Lahiya lau, Baba. Mi Halliru yac ce?"

"Ina Zulai? Ina yara? Ƙaramin ya bar tarin?"

"Ya bari, Baba. Ruwan hwa?"

"Alhamdu lillahi. To, Halliru ya ce a gaishe ka ƙwarai. Ya ce kuma a gaya ma, ruwan rijiya yau..."

Muryar ta yanke. Batirin dattijon ya ƙare.

Inna Kande, wadda ita mata suke bi a harkar ɗiban ruwa shekara da shekaru, ta matso da jakinta. "Ruwan rijiya yau mi, Wada?"

"Saƙon ya iso kashi tara cikin goma, Inna. A aikin injiniya wannan nasara ce."

"To ba ni kashi taran in zuba a tulu."

Ranar Talata ta tafi a caji. Wada ya wuni a Gangara yana zane da gawayi a bayan kwali, ya dawo fuskarsa tana sheƙi. Ya ce ya gano ciwon: magana ce take cin batir. Amma in aka danna maɓallin aka saki ba a ce kome ba, ɗaya na'urar takan yi ƙyas, kuma ƙyas dubu ba su kai gaisuwa ɗaya ci ba. Saboda haka an soke magana. Ƙyas ɗaya, akwai ruwa. Biyu, babu.

Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Amma kwalin yana da sauran fili. Uku, akwai ruwa amma da laka. Huɗu, igiya ta tsinke. Biyar, baƙin shanu sun riga mu. Shida, maciji. Bakwai, jaki ya faɗa rijiya. Haka har goma sha biyu.

"Ina na saniya ta haihu?" in ji Labbo.

"Shina cikin kwali na biyu."

Abin da Injiniya bai sa a kwali ba shi ne hannun surukinsa. Malam Attahiru ya shekara goma in ya ɗauki moɗa sai rabin ruwan ya zube kafin ya kai baki. Ran Laraba Halliru ya leƙa rijiya ya gan ta cike, ya danna sau ɗaya. Dattijon ya ji, ya yi bisimilla, ya ɗora yatsa a kan maɓalli da niyyar danna ɗaya.

A mararraba Wada yana ƙirgawa da ƙarfi. Da ya kai bakwai sai ya duba kwali, ya duba jama'a.

"Jaki ya hwaɗa rijiya."

"Jakin wa? Jakunanmu duk ga su nan," in ji Inna Kande.

"Na'ura ba ta ƙarya, Inna."

Mata suka juya Gangara, don ba mai shan ruwan da jaki ya kwanta a ciki. Maza ashirin suka kwashi igiyoyi da azara biyu suka nufi fadama da sassarfa, Wada a gaba yana ba da umarni. Suka isa suna haki, suka tarar da Halliru zaune a inuwa yana cin goro, rijiya cike har tana ɗaukar hoton sama. Maza ashirin, igiya goma sha ɗaya, ba ko jarka ɗaya. Suka sha, suka wanke fuska, wani ya cika hularsa ya ga ba ta riƙewa.

Labbo ya leƙa rijiyar, ya ɗago ya ƙare wa Wada kallo. "Saƙon bai yi ƙarya duka ba. Jakin ya iso bakin rijiya, hwaɗawar ce ta rage."

A hanyar dawowa Wada yana tafe kai a sunkuye, abin da ya sa mutane suka zaci ya saduda. Ashe tunani yake. Ya shiga gida ya sami Zulaihatu tana tankaɗen ɗan garin da ya rage.

"Zulai, yau na gano abin da Turawan da suka ƙera abin nan ba su gano ba. Wane saƙo ne ba ya cin batir ko kaɗan, kuma hannu mai rawa ba ya iya ɓata shi?"

"Malam, ka ci abinci tukuna."

"Wanda ba a aika ba. In akwai ruwa, kowa ya yi shiru. In mun ji shiru, mun san akwai. In babu ne, a danna, ko sau nawa ne. Rijiyar nan ta hi yawan samun ruwa bisa ga rashi, kin ga kwana da kwanaki ba mu taɓa batir ba."

Zulaihatu ta dakata da rariya a hannu. "In abin ya lalace hwa? Shi ma ai shiru za ya yi."

"Abin da ba a taɓa ba ina za ya lalace? Ki bar wa masu ilimi."

Da yamma ya hau babur ya kai sabuwar doka. Ya sami Malam Attahiru zaune a kan buzu a ƙofar gida. Wurin yashi ne, kuma ba mai tura babur, don haka Wada bai kashe ba, bai sauka ba, bai cire takalmi ba. Ya tsaya ƙafa ɗaya a ƙasa, inji yana ta ɓaɓatu.

"Baba, daga yau aikinka shiru. In ka ji ƙyas, ka danna. In ba ka ji ba, kada ka taɓa. Kuma don Allah a bar gaisuwar nan, ɓarnar batir ce."

Dattijon ya dube shi tun daga hula har taya. Ya ce, "To."

Da Wada ya ba matarsa labari, sai ta ajiye abin da ke hannunta. "To ɗaya yac ce? Bai ƙara da madalla ba?"

"Ɗaya tak. Ya hwahimta nan take."

"Malam, ka koma gobe da sahe ka durƙusa."

"In na karɓi makulli za ni."

Alhamis aka ji shiru, mata suka tafi fadama, suka sami ruwa. Juma'a shiru, ruwa. Asabar shiru, ruwa har da na wanki. Wada ya sa aka ɗinka wa oba-obarsa jaka ta fata. A teburin Ibrahima ya bayyana cewa zai haɗa Isa da Sabon Birni da shiru, daga nan ya tsallaka Nijar. Ya ce akwai shiru iri-iri, kuma nasa mai inganci ne. Wani ya tambaye shi yadda ake bambanta shirun akwai ruwa da shirun kowa da kowa, ya ce sai wanda ya yi wata tara a gindin eriya.

Ran Lahadi, rana ta bakwai, ya sa babbar riga. Ya hau turmi, ya kara na'urar a kunne, ya ɗaga yatsa kowa ya yi tsit. Ya daɗe yana saurare.

"Kun ji?"

"Ba mu ji kome ba," in ji Maigari.

"To wannan shi ne. Ruwa har baki."

Labbo, wanda kwana uku yana kai shanunsa wani tafki mai nisa da ya kusa zama laka, ya ce yau zai gwada ƙirar maƙeri. Ya kora su sittin ta burtali. Maza suka bi ta gajeriyar hanya don su ga yadda za a ƙare, mata da jakuna suna tafe a baya. Wada ya ɗauki Maigari a babur.

Da suka zo gindin tudu, ga Malam Attahiru a kan buzunsa. Ya ɗaga hannu, bakinsa yana motsi.

"Tsaya mu gaida Malam," in ji Maigari.

"Ranka ya daɗe, in ya mutu a yashin nan, kai za ka tura."

Maigari ya gyara zama. Wada ya danna ham sau biyu, suka wuce da ƙura.

Tun daga nesa suka hango Halliru tsaye, yana riƙe da oba-oba da hannu biyu kamar mai shaƙe kaza. Babban yatsansa ya kumbura ya yi kamar ƙwan zabo.

"Tun asuba nike dannawa," ya ce. "Na danna ɗaya, na danna ɗari. Har abin ya mutu ina dannawa. Mi ya kawo ku?"

Maigari ya leƙa rijiya. Yashi ne, da wani kwaɗo da ya dube shi. Kafin ya ɗago, maza sun iso. Kafin su gama leƙawa, ƙurar shanu ta taso. Dabbobin suka kewaye kwamin shan ruwansu da babu kome a ciki suna kuka, wata farar saniya ta zo ta fara lasar gumin wuyan Wada.

Wada ya ce matsalar daga iska ce, yau ta yi nauyi. Ya ce wataƙila sabis ɗin Nijar ne ya shigo ya haɗiye ƙyas ɗin. Yana cikin bayanin yadda za a ƙara tsawon eriya da sandar Labbo, sai ga Malam Attahiru a kan jakinsa, a hankali, da wani ƙunshi a cinya. Ya sauka. Ya gaida Maigari har iyalansa. Ya gaida Labbo har shanunsa. Ya gaida Halliru, ya jajanta masa yatsa. Ya bi maza ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Wada sai ya miƙa masa ƙunshin kawai.

Oba-oba ce, a kashe, ƙaiƙayi ya cika ramukan lasifikarta.

"Malam, ba ka ji dannawar Halliru ba?" in ji Maigari.

"Ina za ni ji, ranka ya daɗe? Tana cikin rumbu tun daren Laraba. An ce aikina shiru. Na duba, na ga rumbu ya hi ni iyawa, sai na bar mai."

Kowa ya shiga lissafin kwanaki a zuci.

"Wato Alhamis da Juma'a da Asabar..." in ji Ibrahima mai shayi.

"Allah ne ya ba ku ruwa."

"Amma ka ɗaga muna hannu ɗazu."

"Na ɗaga. Wani Buzu ya hito ta nan da raƙumi da hantsi, ya tsaya mun gaisa, yac ce rijiya ta ƙahe. Shi nike gaya muku, aka amsa min da ham." Ya gyara rawani. "Kande da mata sun hawo sun gaishe ni yadda suka saba. Yanzu haka suna bisa hanyar Gangara."

Ba wanda ya yi dariya da farko, saboda shanun. Halliru ya ce in aka yashe rijiyar kamu uku ko huɗu, ruwa zai iya tsattsafowa kafin la'asar, sai dai shi yau yatsansa ba ya riƙe shebur. Maigari ya dubi Wada, kowa ya dubi Wada.

Aka tuɓe masa babbar riga, aka ɗaura masa igiya a ƙugu. Ya roƙi a bar masa oba-obarsa, don in ya gaji ya danna a jawo shi. Labbo ya karɓi ta Halliru, wadda ta riga ta mutu, ya rataya a wuya da ladabi.

Wada ya yi ta haƙa, ana jan yashi da guga. Rana ta take, ta karkata. Wajen la'asar ya ji sanyi a tafin ƙafa, sannan a idon sawu. Aka fara jan ruwa mai laka ana zubawa a kwami, shanu suka rufu a kai, kukansu da hayaniyar maza suka cika fadama. Ruwa ya kawo masa gwiwa. Ya danna. Ya sake dannawa. Ya danna bakwai, wanda a tsohon kwali ma ya dace da halin da yake ciki. Ya ɗaga kai ya yi kira, guga ya sauko ya dafe masa hula.

Can sama ya ji muryar Maigari. "Labbo, wane labari daga Injiniya?"

Ya ga inuwar Labbo ta kara matacciyar na'urar a kunne, ta daɗe tana saurare.

"Shiru, ranka ya daɗe. Lahiya lau yake."

Sai da saniya ta ƙarshe ta ƙoshi aka jawo shi.

Makulli dai Inna Kande aka ba, a gindin tsamiya, ba wanda ya yi gardama. Amma Maigari bai bar gidan Zulaihatu da yunwa ba. Ya ce kafin a gama burtsatse, gari yana bukatar mai kawo labarin fadama, kuma Inna Kande ta yarda ta riƙa tsakura masa daga buhunta. Wada zai riƙa sammako ya je wurin Halliru, ya biyo ta tudu, ya iso mararraba ya faɗa da bakinsa. Ibrahima ya karɓe babur ɗinsa, don haka a ƙafa. Kafin magariba Wada ya riga ya gaya wa mutum huɗu cewa ya ƙirƙiro layin da ba ya bukatar batir sam.

Ran Litinin ya hau tudu, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a gefen buzu. Ya gaida surukinsa da kwana, da gajiya, da iyali, da jiki, da zafin rana, da jakin da ya sha tafiya jiya. Malam Attahiru ya amsa kowace ɗaya a natse, ya tambayi Zulai, ya tambayi yara, ya tambayi tarin ƙaramin. Da aka kai ƙarshe Wada ya sauke ajiyar zuciya, ya dafa ƙasa zai miƙe, don mata suna can mararraba suna jira.

"Ina za ka?" in ji dattijon. "Wagga gaisuwar ta Laraba ce. Zamna, saura huɗu kahin mu zo ta yau."